Tsibirin da aka ce ba shi da ruwa

Hirarmu ta yau tarihi ce daga yaƙin duniya na biyu.

Kun san tsibiri: ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. A tsakiyar tekun Fasifik akwai wani ɗan tsibiri na Amurka, sunansa Miduwe, watau rabin hanya. Tsakaninsa da Honolulu, babban garin Hawai, wajen kilomita 2,000 ne.

A watan Disamba 1941 Japan ta kai wa sojan ruwan Amurka hari a Hawai. Tun daga nan manyan soja ba su barci. Ina za a sake faɗa musu? Teku faɗi gare ta, jiragensu kaɗan ne. In sun yi tsaro a inda ba nan ba, an ci su.

Sojan Japan suna aika saƙonni ta radiyo da rubutun asiri. A Hawai wani hafsa, Joseph Rochefort, da mutanensa suka yi ta fama har suka iya karanta wani sashe. A watan Mayu 1942 suka gane ana shirin kama wani wuri da ake kira da haruffa biyu: AF. Rochefort ya ce Miduwe ne. Waɗansu manya a Washinton suka ce a'a.

To, ku ji dabara. Ruwan teku gishiri ne, ba ya shayuwa sai inji ya tace shi. Sai aka umarci sojan Miduwe, ta wayar ƙarƙashin teku, su faɗa a radiyo a fili cewa injinsu ya lalace. Ƙarya ce. Ba a jima ba aka kama saƙon Japan yana cewa AF na ƙarancin ruwa. Gardama ta ƙare.

Babban kwamanda Nimitz ya ɓoye manyan jiragen ruwa 3 masu ɗaukar jiragen sama kusa da tsibirin. Ran 4 ga Yuni 1942 aka gwabza. Japan ta rasa irin waɗannan jirage 4, Amurka ta rasa 1. Ba a kama Miduwe ba.

Ku lura, ƴan'uwa: Rochefort yana da zato mai ƙarfi, amma bai tsaya ga zato ba, sai da ya gwada. Kuma haruffa biyu ne kawai, irin waɗanda kuke rubutawa a allo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.