Daga Toby Zuwa Tara: Yadda Kare Ya Samu Gurbi a Littattafan Binciken Kisa

A shekarar 1937 Agatha Christie ta fitar da littafinta Dumb Witness, ta sadaukar da shi ga karenta mai suna Peter. Labarin wata dattijuwa ce mai hannu da shuni, Emily Arundell, da ta faɗo daga matakalar bene cikin dare. Mutanen gidan suka ɗora wa karenta Bob laifi, wai ya bar ƙwallonsa a kan matakala. Sai da mai bincike Poirot ya bi diddigi aka gano cewa a waje Bob ya kwana a daren, kuma zare wani ya ɗaure a bakin matakalar. A ganina, daga nan ne kare ya tashi daga kayan aiki ya zama ɗan gida a irin waɗannan littattafai.

Kafin Bob, hancin kare kawai ake bukata. A The Sign of Four na 1890, Sherlock Holmes ya aika aka aro masa wani kare mai suna Toby ya bi wari a titunan Landan. A labarin Silver Blaze na 1892 kuwa, shirun kare ne ya tona asiri: an fitar da doki cikin dare kare bai yi haushi ba, ke nan wanda ya shigo ba baƙo ba ne. Duk wanda ya taɓa ajiye karen gadi ya san wannan hujja ba ta da makusa.

Ɗaya jijiyar waɗannan littattafai ta fito ne daga ƙauye. A 1930 Christie ta kawo Miss Marple cikin The Murder at the Vicarage, tsohuwa mai saƙa a ƙauyen St Mary Mead, ba ta da bindiga ba ta da kaki, sai kunne da sanin halin mutane. Nan aka kafa tsarin: ƙaramin gari inda kowa ya san kowa, kisa ba tare da nuna jini ba, da mai binciken shiga sharo ba shanu da ke riga 'yan sanda gano gaskiya. Marubutan Amurka masu son labarin daba da harbe-harbe sun raina salon, Raymond Chandler ma ya caccake shi a wata maƙala a 1944. Masu karatu ba su saurare shi ba. Daga baya aka raɗa wa salon suna cozy, wato labarin da ake karantawa a kishingiɗe, hankali kwance.

Kyanwa ce ma ta riga kare samun nata jerin littattafan, ta hannun Lilian Jackson Braun a 1966. Sannan shirin talabijin na Murder, She Wrote ya zo a 1984, aka fara taron Malice Domestic mai ba da kyautar Agatha a 1989, kasuwa ta buɗe.

Shekarar kare ita ce 1990. Susan Conant ta fitar da A New Leash on Death, inda Holly Winter, mai rubuta shafin karnuka a wata mujalla a Cambridge ta jihar Massachusetts, ta ɗauki wani ƙaton kare mai suna Rowdy bayan an kashe mai shi a wurin horar da karnuka. A shekarar ce kuma Rita Mae Brown ta haɗa kyanwa Mrs. Murphy da kare Tee Tucker a gidan wata ma'aikaciyar gidan waya a Crozet ta Virginia. Laurien Berenson ta biyo baya a 1995 da Melanie Travis, malamar makaranta da ta tsunduma cikin gasar baje kolin karnuka, inda kuɗi da hassada suka isa a kashe mutum.

Me ya sa kare ya dace haka? Mu da muka saba ganinsa a bakin ƙofa ko bayan mafarauta sai mu yi mamaki, amma a garuruwan Amurka da Ingila safe da yamma ake fita da shi yawo da igiya. Wannan ya warware babbar matsalar marubuci: da wane dalili mace da ba 'yar sanda ba za ta riƙa zagaya unguwa tana tambayoyi? Mai kare tana da uzuri. Ta san wanda ya fita da asuba, ta san motar da ba ta kwana gida ba, maƙwabci kuma yana shafa kan kare bakinsa yana zuba. Ga likitan dabbobi, ga mai aski da wankan karnuka, duk majalisun tsegumi ne. Kuma wanda kare ya yi wa gurnani, mai karatu ya sa masa ido ke nan. Akwai wata doka da ba a rubuta ba amma marubutan suna kiyaye ta: a kashe wanda za a kashe, kare dai ya kai ƙarshen littafi da ransa.

A 2009 Spencer Quinn ya miƙa wa kare bakin ba da labari gaba ɗaya a Dog On It, inda kare Chet ke gano abu da hanci amma ba shi da hanyar gaya wa ubangidansa Bernie. David Rosenfelt kuwa tun 2002 ya bai wa lauyan littattafansa Andy Carpenter karya mai suna Tara, sunan tasa karyar ta gaske. Bayan mutuwar ta gasken, Rosenfelt da matarsa suka kafa gidauniyar ceto karnuka da sunanta, kuma da suka tashi ƙaura daga Kalifoniya zuwa Maine, karnuka 25 suka loda a manyan motoci 3 suka ratsa Amurka da su.