Gambo Sawaba Da Ƙuri'ar Matan Arewa

'Yar'uwa mai karatu, wannan katin zaɓen da kike ajiyewa a ƙarƙashin akwati, ko kin san kakanninmu mata ba su san shi ba? A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma mu nan Arewa ko kusa da rumfar zaɓe ba a bar mace ta je ba. Sai a 1976, zamanin sojan Janar Obasanjo, aka ba mu wannan dama, muka fito sosai a zaɓen 1979.

A wancan lokacin mulki na Sarki ne da En'e. Alkali nasu, ɗan doka nasu, gidan yari ma nasu. Talaka namiji ma da ƙyar yake buɗe baki, balle mace. Jam'iyyar NPC ta su Sardauna ita ke riƙe da gwamnati, kuma ra'ayinta shi ne lokaci bai yi ba, fitar mace zuwa zaɓe ta saɓa wa al'ada da kulle. Ita kuwa NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, Malam Aminu Kano ya jagorance ta, cewa take yi mace ma mutum ce, a ba ta ilimi, a ba ta ƙuri'a.

A nan Hajiya Gambo Sawaba ta shigo. An haife ta a 1933, ta tashi a Zariya, an yi mata aure tana 'yar shekara 13, karatun boko bai yi nisa ba. Tana da ƙuruciyarta ta shiga NEPU, ta zama shugabar mata. Har Abekuta ta je wurin Funmilayo Ransome-Kuti don ta ga yadda matan can suke haɗa kai. Da ta zo Kano tana shiga gida-gida tana yi wa matan kulle bayani, aka kama ta, alkali ya ɗaure ta, aka kuma kore ta daga garin. An lissafa ɗaurin da ta sha ya kai sau 16, ban da dukan 'yan banga. Allah sarki!

Amma ni a ganina, makamin da ya fi ɗauri ciwo shi ne baki. Duk macen da ta hau dandamali sai a ce karuwa ce, ba ta da mafaɗi. Da wannan kalma ɗaya aka rufe bakin mata dubbai, don wace matar aure ce za ta yarda a kira ta haka, miji yana ji, surukai suna ji? Ba a ma tsaya an amsa maganar da Gambo take yi a kan auren wuri da ilimin 'ya'ya mata ba, sai aka koma kan mutuncinta. Wallahi har gobe wannan dabara tana aiki.

Abin dariya, da aka ba mu ƙuri'ar, waɗanda suka ce fitarmu abin kunya ce su ne suka riƙa turo motoci ƙofar gida, ga atamfa, ga sabulu. Ashe kullen yana da ranar hutu. Ƙuri'armu dai ana so, kujera ce ba a son ba mu. Malam Aminu kam ya gwada: a takarar shugaban ƙasa ta 1983 mace ya ɗauka mataimakiya, Bola Ogunbo, sai Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilu kafin zaɓe.

Gambo ta rasu a 2001. An sa wa asibiti sunanta a Zariya, da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero. A majalisar dattawan da aka zaɓa a 2023 kuwa, cikin kujeru 109, mata ba su wuce 4 ba.