AMSOSHIN TAKARDUNKU: Tarihin Gidan Haya Da Dokokin Gwamnati

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah a Fulatan, cikin ƙaramar hukumar Rogo. Ya ce shi manomi ne, yana kuma taɓa fataucin masara da mazarƙwaila, ya ɗan tara abin da ya tara, yana so ya sayi fuloti a Karaye ko a bayan garin Kano ya gina ɗakunan haya don tsufansa da 'ya'yansa. Amma wani ya tsorata shi, wai ƙasa duk ta gwamna ce, kuma wai gwamnati na iya yanke wa mai gida kuɗin haya. Shi ne yake tambaya, mene ne asalin wannan magana, kuma wa ke tsaya wa mai gidan haya?

To malam, mun gode da wannan tambaya. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai ya ba ka rabin labari. Gyara zama ka ji sauran.

Da farko dai, haya irin ta wata-wata ba tsohuwar al'ada ba ce a ƙasar Hausa. A da, baƙo idan ya shigo gari wurin mai unguwa ko dagaci ake kai shi, a nuna masa inda zai kafa bukka da inda zai yi sassabe. Gona kuwa ana samunta ta gado, ko aro, ko jingina, ko kyauta, ko saye. Falke mai goro ko mai shanu yana da fatomansa, watau mai masauki, wanda ke ba shi ɗaki da abinci da wurin ajiya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an yi bashi. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki, la'adar ciniki ita ce ribarsa. Haka aka yi a Fagge, haka Hausawa suka yi a Sabo ta Ibadan da zangunan ƙasar Gana.

Abin da ya sauya lamarin shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 don akawuna da leburori da suka zo daga kudu. Waɗannan mutane ne masu albashi, ba su da dangi a gari, ba su zo da kayan da fatoma zai ci la'ada a kai ba. Dole sai dai su biya kuɗin ɗaki. Daga nan gidan haya ya zama sana'a.

Maganar cewa ƙasa ta hukuma ce kuwa, ta girmi kakanninmu na kusa. A zamanin Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, aka kafa kwamiti a Landan a 1908 kan ƙasar Arewa. A 1910 aka yi doka wadda ta sa ƙasar Arewa a hannun gwamna, a matsayin amana don amfanin 'yan ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962. Saboda haka lokacin da Janar Obasanjo ya kafa dokar amfani da ƙasa, dokar soja mai lamba 6, ran 29 ga Maris 1978, mutanen kudu ne suka fi girgiza. Mu a nan, tsohon tsarinmu ne aka shimfiɗa wa ƙasa baki ɗaya.

Amma me ya kai soja ga wannan doka? Haya na cikin abubuwan da suka kai su. Bayan yaƙin basasa kuɗin man fetur ya shigo, mutane suka yi ta kwarara birane. A farkon 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji har da ariyas. Kafin ma'aikaci ya gama ƙirga kuɗinsa, mai gida ya ƙara haya, mai shago ya ƙara farashi. A shekarar ce kuma ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka cushe tashar Legas wata da watanni, siminti na daskarewa a cikin teku, magina na nemansa a gari. Kuka ya yi yawa, sai gwamnati ta kafa kwamitin duba haya a 1976. Jihohi suka bi da dokokinsu, aka kasa unguwanni aji-aji, aka yanke abin da za a biya wa kowane irin ɗaki, aka buɗe kotunan haya. Burin gwamnati a lokacin shi ne kada haya ta ci fiye da kashi 20 cikin 100 na albashin ma'aikaci.

Niyya mai kyau ce, don kuwa an zalunci 'yan haya da yawa. To amma an yanke kuɗin ɗaki, ba a yanke kuɗin siminti da kwano da katako ba, kuma ba a ƙara yawan ɗakuna ba. Idan mutum goma na neman ɗaki ɗaya, takardar gwamnati ba ta hana na goman ya ce zai ƙara. Sai masu gidaje suka koma rubuta wani kuɗi a rasit suna karɓar wani a hannu, wasu suka ce sai an biya shekara ɗaya ko biyu gaba, dillalai suka sami abin yi. Ɗan haya kuwa yana tsoron kai ƙara, don ya san daga kotu sai neman wani ɗaki. Da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, Naira wadda a 1985 ta ɗan fi dalar Amurka daraja ta faɗi, har a 1993 sai an ba da wajen Naira 22 a farashin gwamnati kafin a sami dala ɗaya. Jadawalin haya na shekarun baya ya zama takardar ƙunshe ƙosai.

Ba mu kaɗai muka gwada ba. A Masar, tun zamanin Jamal Abdul Nasir aka daskarar da kuɗin haya, har ɗa yana gadon hayar ubansa a kan tsohon farashi. A nan dokar ta yi aiki sosai, iyalai masu yawa suka sami rufin asiri. Amma masu gidaje suka daina gyara, benaye suka lalace a Alƙahira, wasu suka gwammace su kulle gida da su ba da shi. A 1996 aka saki sabbin yarjejeniyoyi, a 2024 kotun tsarin mulki ta ce daskarar da farashin bai halatta ba, a 2025 aka yi dokar da ta ba tsofaffin 'yan hayan gidajen zama wa'adin shekara 7. Kun ga ke nan, inda doka ta kama, gida ya rushe. Inda ba ta kama ba, an koma ciniki a ɓoye.

Gwamnati ta kuma gwada gina gidajen da kanta. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973, da Bankin Ba Da Rancen Gina Gidaje na Tarayya a 1977. A shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 an yi alkawarin gidaje kusan 200,000, ba a gina ko kashi ɗaya cikin biyar ba. Alhaji Shehu Shagari ya zo a 1979 da alkawarin gida 2,000 a kowace jiha kowace shekara. An gina wasu, ga su nan har yau ana ce musu gidajen Shagari, amma da yawa an kai su nesa da gari inda babu ruwa babu wuta, soja kuma suka kifar da gwamnatin a ƙarshen 1983 aikin bai kai ko'ina ba. A 1991 aka ce kowa zai sami gida kafin shekarar 2000. A 1992 aka kafa asusun gidaje, ana cire kashi 2 da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci. A Kano mun ga Kundila, daga baya tsakanin 2011 da 2015 muka ga Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Duk da haka, ka shiga Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi ko Sheka ka tambaya wa ya gina ɗakunan da malamin makaranta da ɗan dako da mai shayi ke kwana a ciki. Irinka ne, malam. Mai kuɗin gyaɗa, mai kuɗin shanu, mai kuɗin fansho, bulo ɗari bana, kwano bandir biyu baɗi.

Wa ke tsaya musu? Manyan kamfanonin gine-gine suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, REDAN, tun 2002, suna zama da ministoci, suna neman rance mai sauƙi da filaye. Mai ɗaki huɗu ba ya cikin wannan zama. Abin da yake da shi sai ƙungiyar masu gidaje ta unguwa, da mai unguwa, da kotu. Kuma babban ciwonsa takarda ce. Dokar 1978 ta ce filin birni gwamna ke ba da izinin zama a kai, galibi na shekara 99, na karkara kuwa ƙaramar hukuma. Ba a sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna idan na birni ne, ko ta ƙaramar hukuma idan na karkara ne. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida don ba a nemi yardar gwamna ba. Tun daga nan banki ba ya kallon wanda ba shi da cikakkiyar takarda, rancen asusun gidaje ma haka. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran dokar a 2009 a ƙarƙashin Farfesa Mabogunje, amma da yake an saka ta cikin tsarin mulki, har yau tana nan.

Dokar ta kuma ba gwamna ikon karɓe fili don aikin jama'a. Mutanen ƙasar Karaye ba sa buƙatar a yi musu bayani, sun gani lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, aka tashi garuruwa. Abin lura shi ne, diyya a kan gini da shuka da bishiyoyi ake biyanta, ba a kan tsurar ƙasa ba.

To ga shawara. Kafin ka ba da ko kwabo, je ofishin ƙasa na jiha ko na ƙaramar hukuma a duba maka ko filin na wani ne, ko yana kan hanya, ko gwamnati ta sa masa hannu. Idan na gado ne, magada duka su sa hannu a gaban mai unguwa da shaidu. Takardar dagaci shaida ce mai amfani, amma kada ka tsaya nan, bi ta har ka sami ta hukuma. Idan ka gina, rubuta yarjejeniya da ɗan haya, ka riƙa ba shi rasit. In kun saɓa, a mafi yawan jihohi mai biyan wata-wata ana ba shi sanarwar wata ɗaya, mai biyan shekara wata 6, sannan ta kwana 7, sannan kotu. Kada ka cire kwano ko ka watsar da kayan mutum, sai ka koma kai ne mai laifi. Kuma kada ka sayar da gonar da ke ciyar da kai don ginin da zai shekara goma bai mayar da kuɗinsa ba. Gina da rarar amfanin gona, ɗaki bayan ɗaki, kamar yadda magabata suka yi.

Ga hukuma kuwa, tarihin nan ya nuna cewa hanyar sauko da haya ita ce a yawaita ɗakuna: a yanka filaye masu hanya da magudana da ruwa, a sauƙaƙa takarda, a rage kuɗinta. Mai gida ya ji tsoron Allah, ɗan haya ya biya hakki a kan lokaci.