Alƙaluman Mutuwar Mata Wajen Haihuwa a Nijeriya: Nazarin Abin da Ƙididdigar 2008, 2013 da 2018 Za Ta Iya Tabbatarwa

Tsakure

Maƙalar ta sake auna alƙaluman mutuwar mata masu juna biyu da Binciken Yawan Jama'a da Lafiya na Nijeriya ya fitar a 2008 da 2013 da 2018, domin a ga ko bambancin da ke tsakaninsu ya kai a kafa hujja da shi. An ciro ma'aunin kuskuren kowane adadi daga tazarar amincewar da aka buga tare da shi, aka gwada su biyu-biyu. Sakamakon ya nuna cewa alƙaluman uku ba su tabbatar da raguwa ko ƙaruwa ba, kuma mafi yawan raguwar da ake ambata tsakanin 2013 da 2018 ta samo asali ne daga sauyin abin da ake ƙirgawa.

Gabatarwa

A ma'anar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutuwar da ake ƙirgawa ita ce ta mace mai ciki, ko wadda ta rasu cikin kwana 42 da ƙarewar cikin, muddin cikin ne sanadi ko shi ya tsananta cutar. Mutuwar haɗari ba ta ciki. Ana bayyana adadin a kan kowace haihuwa 100,000 da aka haifi jariri da rai, kuma muradun ci gaba mai ɗorewa sun sa burin duniya ta sauko ƙasa da 70 kafin 2030.

Inda rajistar mutuwa ta kankama, ƙirge kawai ake yi. A Nijeriya ba haka abin yake ba. Binciken 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai aka yi a asibiti, a Arewa maso Yamma ma ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Matar da jini ya tsinke mata a ɗakinta da asuba, kafin azahar an yi mata sutura an kai ta makwancinta, ba tare da wani ma'aikaci ya rubuta komai ba. Alƙaluman asibiti kuwa suna karkata ne ga waɗanda aka kawo bayan abu ya lalace. Kelsey Harrison ya nuna haka tun a nazarinsa na haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, inda mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su yi awon ciki ba. Saboda haka dole aka koma ga kirdado daga samfuri.

Hanyar Bincike

Dabarar tambayar 'yan'uwa mata, Wendy Graham da William Brass da Robert Snow ne suka bayyana ta a 1989, bayan an jarraba ta a Gambiya. Nau'in da ake amfani da shi a binciken ƙasa yana buƙatar kowace mace da aka tambaya ta lissafo duk waɗanda suka fito ciki ɗaya da ita, da shekarunsu, da wanda ya rasu da lokacin rasuwarsa. In mace ce, sai a tambaya ko tana da ciki, ko wajen haihuwa ne, ko bayanta da kaɗan. Ana tattara mace-macen shekara bakwai kafin binciken, don a samu adadin da zai ɗauki lissafi.

An ɗauki alƙaluman kamar yadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta buga su, da tazarar amincewa ta kashi 95 cikin 100. Idan aka raba faɗin tazarar da 3.92, za a samu ma'aunin kuskure. Kuskuren bambancin alƙaluma biyu kuma shi ne tushen jimillar murabba'in kuskurensu, bisa ɗaukar cewa samfuran ba su dogara da juna ba.

Sakamako

A 2008 an samu 545, tazara daga 475 zuwa 615. A 2013 an samu 576, daga 500 zuwa 652. Rahoton 2018 ya zo da alƙaluma biyu: 512, daga 447 zuwa 578, da kuma 556, daga 484 zuwa 629.

A nan gizo ke saƙar. Binciken 2008 da na 2013 sun ƙirga duk macen da ta rasu da ciki ko cikin wata biyu da haihuwa, ko mene ne sanadi. Na 2018 ya ƙara tambayoyin da suka ba da damar tsayawa a kwana 42 da cire mutuwar haɗari da ta kisa, shi ya ba da 512. Adadin da ya yi daidai da tsohon ma'auni shi ne 556. Duk wanda ya jera 576 da 512 ya ce an samu raguwar 64, wato kusan kashi 11 cikin 100, ya haɗa abubuwa biyu da ba jinsi ɗaya ba. Arba'in da huɗu daga cikin 64 ɗin sauyin ma'ana ne tsantsa.

Sauran 20 ɗin fa? Ma'aunin kuskuren 2013 ya kai kusan 39, na 2018 kusan 37, na bambancinsu kusan 54. Tazarar amincewar bambancin ta kama daga raguwar 125 zuwa ƙaruwar 85. Sifili na zaune daram a cikinta. Haka ƙaruwar 31 tsakanin 2008 da 2013 take, kuskurenta kusan 53. Ga kuma wani abin da ba a cika kulawa da shi ba: shekarun da binciken 2013 ya duba da na 2018 sun shiga juna da kimanin shekara biyu, don haka ko da an samu sauyi na gaske, wannan shigar za ta dusashe shi.

Idan ana son a samu damar kashi 80 cikin 100 ta gano raguwa da irin wannan samfuri, sai raguwar ta kai kusan 150, sama da rubu'in adadin baki ɗaya. Wannan kuwa bayan an tambayi mata 41,821 a 2018. Rage faɗin tazarar da rabi na buƙatar ninka samfurin sau huɗu. In kuma aka raba shi daidai ga jihohi 36 da Abuja, tazarar za ta faɗaɗa kusan sau shida, ta zama sama da 400 a kowane ɓangare. Neman adadin jiha ɗaya daga wannan bincike kamar auna zinariya ne da sikelin buhun masara, shi ya sa rahoton bai ba da shi ba.

Tattaunawa

Duk lissafin da ya gabata ya shafi kuskuren samfuri ne kaɗai, alhali akwai wani da tazarar amincewa ba ta gani. Ɗakin da mata suka ƙare babu mai ba da labarinsa, kuma galibi shi ne ɗakin da haɗarin ya fi tsanani. Ƙanwa ba lalle ta san yayarta da ta rasu tun ita ƙanwar tana yarinya ba. A ƙasar Hausa ƙaramin ciki abin ɓoyewa ne, musamman na fari, don haka wadda ta rasu sanadin ɓari ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa sai a ce zazzaɓi ne ko ciwon ciki. Zubar da ciki kuwa ba a ma faɗa. A gidan da ke da kishiyoyi, idan mai tambaya bai nanata cewa ciki ɗaya yake nufi ba, 'yan uba na iya shiga lissafi. Mafi yawan waɗannan kurakurai ƙasa suke jan adadin. Abu ɗaya da al'ada ta taimaka da shi shi ne arba'in: mutane na tuna ko mai jego ta cika kwana arba'in kafin ta rasu, kuma wannan ya kusa da iyakar kwana 42.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙiyasta 1,047 ga Nijeriya a 2020, wato mata kusan 82,000 cikin 287,000 na duniya. Ba wani sabon ƙirge suka yi ba. Tsarin lissafinsu, wanda Leontine Alkema da abokan aikinta suka gina a kan tafarkin Bayes, ya fi amincewa da kason mutuwar haihuwa cikin dukan mace-macen mata 'yan shekara 15 zuwa 49 fiye da jimillar da 'yan'uwa suka faɗa. Sai ya ɗora wannan kaso a kan wani ƙiyasin yawan mace-mace mafi girma, ya kuma jingina da ƙarfin tattalin arziki, da yawan haihuwa, da yawan haihuwar da ƙwararru suka karɓa. A ra'ayin wannan maƙala gyaran yana kan hanya, domin 512 ta fi kama da ƙasan adadin gaskiya fiye da tsakiyarsa. Amma ƙiyasin ya rataya ne a kan jadawalin mace-macen manya, wanda shi ma kirdado ne a Nijeriya. Tazararsa ta tashi daga ƙasa da 800 zuwa sama da 1,500, kuma ta kashi 80 ce cikin 100, ba 95 ba, don haka ba a jera ta kafaɗa da kafaɗa da ta binciken ƙasa.

Nazarin Henry Doctor da abokan aikinsa na 2012 a karkarar Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara ya samu 1,271 da dabarar 'yan'uwa mata. Ratar da ke tsakanin wannan da matsakaicin ƙasa ta fi ƙarfin kuskuren samfuri, saɓanin ratar da ke tsakanin shekarun binciken ƙasa uku. Gwamnatin jihar da ke son sanin ko shirinta na aiki cikin shekara uku ko huɗu, gara ta auna abin da ke faruwa da yawa, kamar haihuwa a hannun ƙwararriyar ungozoma, da samuwar jini da allurar tsayar da zubar jini da ta jijjiga a asibitocin karkara, sannan ta faɗaɗa bitar kowace mutuwar mai juna biyu daga asibiti zuwa unguwanni, inda limamai da masu unguwa suka riga kowa sanin wadda aka yi wa jana'iza.