Na Wa Ne Kayan? Tarihin Rabon Dukiya Bayan Mutuwar Aure a Ƙasar Faskari



Abin da ya kamata mu fara lura da shi shi ne, aure a ƙasar Hausa bai taɓa gama dukiyar miji da ta mata ba. A ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, gandu na maigida ne, amma sadaki, da kayan ɗaki, da awakin da mace ta saya da ribar ƙuli-ƙuli, duk nata ne. Wannan kuwa hukuncin mazhabar Malikiyya ne, wanda Jihadin 1804 ya daɗa ƙarfafawa. A Ingila, sai a 1882 ne doka ta sakar wa matar aure cikakken ikon dukiyarta.

Saboda haka idan aure ya mutu, aikin alƙali ba raba dukiya biyu ba ne, tantance mai ita ne. Littattafan da alƙalanmu suka dogara da su, watau Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, sun shimfiɗa ƙa'ida: in babu shaidu, abin da aka san na mata ne a al'ada, kamar tasoshi da kayan ado, mace ta rantse ta ɗauka, abin da aka san na maza ne, ko wanda ya dace da kowa, miji ya rantse ya riƙe. In kuwa ita ta nemi rabuwa ba tare da an cuce ta ba, sai ta fanshi kanta da hul'i, galibi ta mayar da sadaki.

Zuwan Turawa a 1903 bai rushe wannan tsari ba, domin sun bar shari'ar aure a hannun alƙalan En'e. Ko dokar aure ta tarayya ta 1970, wadda ta ba kotu ikon daidaita dukiya tsakanin ma'aurata, ba ta shafi auren Musulunci ba. Haka abin ya zarce bayan kafa Jihar Katsina a 1987, da faɗaɗa Shari'a a 2000.

To, ina gizo yake saƙa? A wurin abin da mace ta zuba cikin dukiyar miji. Ga wadda ta aika aka sayar da tumakinta a kasuwar Sheme, aka sayi kwanon rufin gida ko takin auduga. Kunya ta hana ta kafa shaida, don kada a ce tana ƙidaya da mijinta. Ranar saki sai ta fita da langa da gado, gida da gona kuwa su zauna wa miji.

Ashe ke nan Shari'a ba ta tauye ta ba. Bashi ne, ko tarayya, da ya rasa hujja. Magani kuwa yana cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi umurni da rubuta bashi. Ya rage ga malamai da iyaye su koya wa 'ya'yanmu cewa rubutu tsakanin miji da mata ba rashin yarda ba ne.