Ajurumiyya: Daga Fas Zuwa Zaurukan Sabo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Wata rana bayan la'asar, ina sabon shiga limanci, na karanta wa jama'a hadisi a masallacin layinmu. Da aka watse sai wani dattijo mai sayar da goro ya ja ni gefe, ya ce, "Malam, ka sa fataha inda rufu'a take, ka mai da wanda ya yi aikin ya zama wanda aka yi wa." Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Washegari na nemo tsohuwar Ajurumiyyata a ƙasan akwati.

To wannan matsala ba yau ta fara ba. Lokacin da Musulunci ya bazu zuwa Iraƙi da Farisa, waɗanda ba Larabawa ba suka shigo da yawa, kuskure ya fara shiga karatu. Malaman tarihi sun ruwaito cewa an ji wani yana karanta aya ta 3 a Suratut Tauba, ya yi kisira a wurin rufu'a, ma'ana ta juye ta koma abin da Musulmi ba zai iya furtawa ba. Mafi yawansu suna jingina farkon tsara ƙa'idojin nahawu ga Abul Aswad Addu'ali, mutumin Basra da ya rasu a shekara ta 69 bayan Hijira, bisa umarnin Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda.

Bayansa sai Sibawaihi, almajirin Halilu ɗan Ahmad, ya rubuta Alkitab, wanda har gobe shi ne uban littattafan nahawu. Ku lura, Sibawaihi Bafarishe ne, ba Balarabe ba.

Amma Alkitab ba abincin yara ba ne. Wanda ya sauko da tukunyar ƙasa shi ne Muhammad ɗan Ajurum, haifaffen birnin Fas a Maroko a shekara ta 672, ya rasu a 723. Shi ma ba Balarabe ba ne, ɗan Barbar ne na ƙabilar Sanhaja. Ya tattara tushen nahawu a 'yan warƙoƙi: rabe-raben kalma zuwa suna da aikatau da harafi, sai alamomin i'irabi, sai fa'ili da maf'uli, mubtada da habar. Abin sha'awa, shekarar da aka haife shi ita ce shekarar da Ibnu Malik, mai Alfiyya ta baiti dubu, ya rasu a Dimashƙa.

Daga Magrib littafin ya bi ayarin fatake da mahajjata ya tsallako Sahara, ya zama ƙofar nahawu a Timbuktu da Katsina da Kano da Barno. Malamanmu kuwa ba su tsaya ga karɓa kawai ba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1829, ya rubuta Albaharul Muhiɗ a nahawu da Alhisnur Rasin a sarfu, duka a waƙe.

Da aka kafa Sabo a nan Ibadan a 1916, iyayenmu sun zo neman goro da cinikin shanu, amma malamai sun biyo su da gafaka. Ni na riski ƙarshen wannan tsari. Bayan sallar asuba mu zauna a zaure, malam ya karanta jumla, ya fassara da Hausa kalma-kalma, mu maimaita. Zaidu ya yi ta dukan Amru kullum, mu yi ta dariya, amma da dukan nan muka gane waye fa'ili waye maf'uli. Kafin bakwai kowa ya kama hanyar kasuwa. Wanda ya sauke Ajurumiyya sai ya wuce Mulha, sai Ƙaɗrun Nada, mai rabo ya kai Alfiyya. Ni kam a Mulha kasuwa ta janye ni, shi ya sa dattijon nan ya kama ni.

Yau yaranmu suna haddar Alƙur'ani da tajwidi mai daɗi, alhamdu lillahi. Amma miƙa wa ɗayansu littafin da ba wasali, sai ka ga ya tsaya cik. Dattawan da suke gyara wa liman kuskure suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. In suka ƙare, wa zai ja mu gefe?

Kada wani ya ce Larabci sai Balarabe. Bafarishe da ɗan Barbar da Bafulatani su suka yi wa fannin nan hidima, don irinmu aka tsara shi. Ina roƙon shugabannin Islamiyyoyinmu su ware ko darasi biyu a mako ga nahawu. Mu 'yan kasuwa kuma, rabin awa bayan asuba ba za ta hana ciniki ba. Ni dai na koma gaban malami da furfurata, ba kuma kunya nake ji ba.

Allah Ya jiƙan malamanmu, Ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.