Garaya da gurmi a ƙasar Tasawa

Garaya da gurmi kayan kiɗa ne masu tsirkiya da ake kaɗawa da yatsa ko da ɗan guntun busasshen ƙirgi, saɓanin goge da kukuma waɗanda ake gogawa da baka. Danginsu ɗaya da molo da kuntigi, kuma an san su a Tasawa da Mayahi kamar sauran ƙasar Katsina da Gobir. Wanda bai saba ba yakan ɗauka abu guda ne, amma makaɗi daga nesa yake rarrabe su da kunne.

Jikin garaya itace ne da masassaƙi ya fafe, mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar gada ko ta akuya. Ana soka sanda ta ƙarƙashin fatar, a ɗaura tsirkiya biyu a kanta da zaren fata. Matsar da ɗaurin sama ko ƙasa shi ke gyara murya. Babbarta ita ce komo. Gurmi kuwa ɓarin ƙwarya ne ko na duma, da doguwar sanda da tsirkiya biyu ko uku, fatarsa sau da yawa ta guza ko damo. A da, da gashin wutsiyar dabba ko jijiya ake murɗa tsirkiya. Yau zaren roba na masunta ya maye gurbinsu, don ya fi araha, kuma bai damu da damina ba.

Asalin garaya na maharba ne. Da ita ake yi wa mafarauci kirari kafin a shiga daji, da kuma in an dawo da nama. Daga nan ta shiga bori, inda masu buta ke raka ta, kowane iska da taken da ake kiransa da shi. A nan ne tarihin yankin ya shigo. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, ɗayansu, Ɗan Kasawa, ya zauna a Maraɗi wajen 1819, daga baya wani reshen gidan ya koma Tasawa a ƙarshen ƙarnin. Waɗannan fadoji ba su kori bori ba. A Maraɗi Iya ce ke shugabantar 'yan bori, a Tsibiri ta Gobirawa kuma Inna, dukansu masu sarauta. Saboda haka makaɗan tsirkiya suka sami inuwar da takwarorinsu na cikin daular Sakkwato ba su samu a fada ba. Ko da yake a borin wannan yanki goge da ƙwarya ne kan gaba, garaya ta ci albarkacin wannan rufin asiri. Bajamushe Veit Erlmann da Habou Magagi sun wallafa littafi a 1989 kan girka, wato bikin shigar da mutum bori, a ƙasar Maraɗi, wanda ya adana yadda ake kiɗan.

Gurmi bai ɗauki wannan nauyi ba. Shi na dandali ne da filin kokawa da hirar samari bayan kaka. Da gwamnatin Nijar ta kafa gasar kokawa ta ƙasa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa, makaɗan 'yan kokawa suka sami fage da rediyo. A Najeriya Haruna Uji na Haɗeja ya kai gurmi cikin kaset da tashoshin mota. Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya fita da shi har Turai. Wa'azin da ya yi ƙarfi tun shekarun 1980 ya matse bori, garaya ta ja baya tare da shi, gurmi kuwa ya tsira don ba a jingina shi da iskoki ba.

   

Mai son mallakar garaya ko gurmi sai ya fara sanin wurin da zai kaɗa. Garaya muryarta kauri gare ta, ta dace da taro da buta. Gurmi ya fi sauƙin ɗauka da koyo. Akan duba ƙwaryar kada ta kasance da tsaga, sandar ta miƙe sosai, fatar kuma ta ɗame har in an ƙwanƙwasa ta amsa. Fata takan saki da sanyin asuba ko damina, sai a kara ta kusa da wuta. Ado da zane ba sa ƙara murya. Galibi makaɗi da kansa yake haɗa nasa daidai tsawon hannunsa, shi ya sa wanda aka rataye a shago don baƙi ba kasafai yake kiɗuwa ba.